Barewar da ban ƙarasa ba

Da za a ba ni damar goge rana ɗaya daga rayuwata, da na goge ranar da na zuba kwanson harsashin da na san ba ya shiga bindiga a aljihuna na tafi farauta.

Ina tuƙa tasi a lokacin, ina zaune a ƙasar waje, a kan titin Grand Concourse. Aminina mutumin Kumasi ne, makanike, yana da gida da gareji a tsibirin Staten Island. Dukanmu muna da takardar izinin bindigar farauta, kuma duk kaka mukan hau arewacin jihar neman barewa. Harsashi ya yi tsada, sai ya sayi ɗan injin da ake matse tsohon kwanso ya koma daidai, a sake cika shi. Shi kwanso idan an harba shi yakan kumbura ya ɗauki siffar cikin bindigar da ta harba shi. Ni kuwa har na wasu nake tsinta a filin koyon harbi.

Wata Lahadi muka matse nawa, na gwada su babu albarushi. Wasu suka shiga sumul, wasu suka cije, sakatar bindigar ta ƙi rufuwa. Ya karɓi ɗaya ya juya shi a haske.

"Alhaji, kafaɗar wannan ba ta koma ba. Ware shi, mu sake saita injin."

"Kai dai ka cika tsoro, Bagwanje," na ce, da sunan da nake tsokanarsa. Na daki sakatar da tafin hannu, ta rufu. "Ka gani? Lallashi take so."

"Wannan lallashi ne ko dambe? Bindiga ba ƙofar tasinka ba ce."

Muka yi dariya. Ina sauri in kama jirgin ruwan komawa gida, na cika su duka na haɗa wuri ɗaya.

Akwai wani abin da ban taɓa gaya masa ba. Mahaifina maharbi ne, kuma ya koya mini kada in kashe dabba nan take, in karya ta kawai don in iske ta da rai in sa mata wuƙa. Daga baya malamai sun gaya mini bisimillar da aka yi wajen harbi ta wadatar. A lokacin ban tambayi kowa ba.

Ranar farautar, da muka shiga daji muka rabu, shi ya bi tudu, ni na zauna kusa da wani rafi. Da hantsi wata barewa ta fito shan ruwa. Ƙirjinta na gabana sarai, amma na saukar da bakin bindiga zuwa ƙugunta na harba. Ta faɗi. Na zaro wuƙa na taso, sai ta miƙe a kan ƙafafun gaba tana jan na baya. Na ja sakata don in ƙarasa ta. Harsashi na biyu ya shiga rabi ya tsaya. Na daka, ya ƙi. Na ja baya, ya ƙi fita.

Ta juyo ta dube ni ina kokawa da ƙarfe. Ta yi wani kuka siriri, ban san barewa na da irinsa ba. Sannan ta ja jiki ta gangara cikin fadama, inda laka ke kai mutum ƙugu.

Aminina ya iso da gudu. Ya dubi bindigar, ya dube ni. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Muka bi jini har ya ɓace a ruwa. Muna jin kukan can cikin ciyawa, mu nufi wajen, ya koma wani gefe. Da rana ta faɗi muka haƙura.

Na mayar da takardar izinin a shekarar. Aminina ya rasu bai taɓa tayar da zancen ba. Amma har yau, idan jirgin ƙasan layin D ya taka birki zai shiga tasha, kukan nan nake ji a ƙarƙashin ƙarar ƙarfen. Jikata takan ce, "Kaka, me ya sa kake toshe kunne?" Sai in ce tsufa ne.

Ban san ko awa nawa ta yi kafin ranta ya fita ba, kuma na san za a tambaye ni. Kai da ke cika harsashinka da hannunka, don Allah, wanda ya cije a gareji ka bar shi a gareji. In kuma ka ɗaga bindiga a kan mai rai, kada ka bar shi da rabin mutuwa kamar yadda na yi.