Irin Kuɓewar Kakata

Jiya a kasuwar Managil na ga busasshiyar kuɓewa a faifai, sai kakata ta faɗo mini a rai, raina ya ɓaci kamar yau abin ya faru.

Kullum akwai ƙullin irin kuɓewa a bakin zanenta, irin da uwarta ta taho da shi a ƙafa daga ƙasar Sakkwato. Takan shuka shi a gefen hawashar kawuna, gonar audugar da hukuma ta yanka masa.

Shekarar da taimako ya zo daga ƙasashen waje don bunƙasa auduga, sai ga mufattish, mai duba gonaki, da wani Bature masani. Suka ce kuɓewa tana ɓoye tsutsar auduga, a tumɓuke a ƙone. Ina budurwa, a gabana aka tumɓuke ta da furenta. Har yau ina jin ƙaurin ɗanyen hayaƙin nan.

Kakata ta ce wa mufattish, "Ɗan nan, tambayi baƙonka, da auduga ake kaɗa miya a garinsu?"

Ko fassara masa bai yi ba. Wannan ne ke ci mini rai. Sun ƙetaro teku wai su taimake mu, ba wanda ya tambayi abin da muke ci!

Ta koma bayan ɗakinta ta shuka, da tsufanta tana ɗauko ruwa a ka. Yau irin yana bakin zanena.

Allah Ya jiƙan ki, Kaka, Ya ba ki lambun da ba mai zuwa ya tumɓuke.