Abin da Telan Awali Ya Ji a Muryata

Asuba na yi muka tashi daga Makka, mu huɗu, bayan mun kammala Umra. Doguwar mota muka shiga mai na'urar sanyi. Hanyar Madina kwalta ce sumul, babu rami ko ɗaya, sai dai ido ba ya samun abin kallo in ba baƙaƙen duwatsu da raƙuma jefi-jefi ba. Da hantsi direba ya tsaya a wata rumfar shayi, muka ci tamis, wato burodinsu mai faɗi kamar faifai, da wake da aka dama da mai. A nan na fara ganin ƙasar da ruwan kwalba ya fi man fetur tsada.

Ni ladan ne a masallacin unguwarmu a Zariya, shekara tara ke nan. Allah ya ba ni murya, kuma na san ya ba ni. Ana saura kwana uku mu taso, Liman ya kira ni ya ce dattawa sun kawo ƙara, wai ina jan kiran salla ina karya murya har ba a gane kalmomin. Ya ce in na dawo, ko in rage ko a sa wani. Muna sauka Jidda na sayi rakoda da kaset, da niyyar in ɗauko muryar ladanin Madina in kai masa hujja.

Bayan la'asar muka wuce Bi'ir Ali, inda motoci suka yi cirko-cirko, mutane na ɗaura harami za su inda muka baro. Muka sami masauki kusa da Masallacin Annabi, muka yi ziyara. Washegari da azahar na kunna rakodata a cikin aljihu. Ladanin kuwa ya ja murya, ya lanƙwasa ta, ya sauke. Na ce a raina, Liman, mun gama.

Madina cike take da Hausawa. Akwai ɗaliban jami'a 'yan gida, akwai mutanen Sudan da Chadi masu sana'a. 'Ya'yansu kan ji Hausa sarai, amma ka gaishe su su amsa maka da Larabci. Ɗaya daga cikin abokan tafiyarmu na da saƙon daddawa da kuka da zai kai wa wani tsoho a Awali, sai na raka shi. Unguwa ce ta gonakin dabino, kowace da katangarta, ga sanyin inuwa da ƙarar injin ban ruwa.

Tsohon, Baba Bashir, Bahaushen Sudan ne, tela. Ya kawo mana dabino ɗanye da gahawa mai ɗaci. Da hira ta yi hira na ba shi labarin rigimata, har da sa masa kaset. Ya saurara, sannan ya ce in yi masa nawa kiran a hankali. Na zage na yi, ban bar lanƙwasa ko ɗaya ba.

Bai yaba ba. Sai ya tashi ya zaro wani kaset daga ƙarƙashin ƙyallaye. Ya ce da ƙuruciyarsa ya yi shekaru a Alƙahira yana ɗinka tufafin 'yan wasa a gidan opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ba a magana a cikinsa, kome da waƙa ake faɗa. Ya rage murya ya kunna. Wata mata ce ke waƙa da Italiyanci. Can sai ta kama gaɓa ɗaya ta yi ta gudu da ita, sama da ƙasa, da sauri kamar ana jan carbi, ta tsaya tana karkarwa a ƙololuwa. Abokina ya ce ko kunama ce ta harbe ta.

"Baba, kiran salla kake haɗawa da waƙar Turawa?" na tambaye shi.

"Astagfirullah, ban haɗa ba, ɗana. Maƙogwaron dai iri ɗaya ne."

Ya ce a labarin, matar nan baƙin ciki ne ya juya mata hankali. Kalmomi sun ƙare mata, shi ya sa murya ta ci gaba ita kaɗai. A wani wasan kuma irin wannan gudun muryar dariya ce, a wani fushi. Yana zaune a bayan labule da allurarsa, har ya iya bambance mawaƙa ba tare da ya leƙa ba. "Gwana in ta yi adon murya, sai ka ji labarin ya ƙaru. Mai nuna kai kuwa, labarin tsayawa yake yi yana jiran ta gama. Kai ma haka kalmar shahada ta tsaya tana jiranka."

Ya sake sa kaset ɗin da na ɗauko a masallaci ya ce in ƙirga adon. Ladanin Madina ba ya yin ado sai kalma ta fita cikakkiya, kuma a wuri ɗaya ko biyu kawai. Ni kuwa a tsakiyar kalma nake yanke numfashi don in sami ƙarfin wata lanƙwasar. Kunya ta kama ni har na kasa shanye gahawata. A mota abokina ya yi ta surutun tsadar darduma.

Sauran kwanakin na yi su ina sauraro sau biyar a rana, ba tare da rakoda ba. Muka sayi dabino, muka ɗebi zamzam ɗinmu a jarka, muka koma Jidda, jirgi ya sauke mu Kano.

Ranar da na koma bakin aiki na kira azahar da ado ɗaya tak, a kabbarar ƙarshe. Liman ya ba ni hannu ya riƙe ya daɗe. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, adon murya bawan kalma ne, kuma sanin inda za a bar shi ya fi iya yin sa wuya.

Ƙara ɗaya ce ta biyo baya. Wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Ladan, da a cikin kiranka nake alwala har in sa riga. Yau ina wanke ƙafar dama na ji ka gama."