Alamar Biro a Bayan Malam Zungrana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga Mayu, Allah ya karɓi ran Malam Rasmane Zungrana a gidansa da ke Kudugu, bayan jinyar huhu.

Malam, duk wanda ya koyi aikin jinya a hannunka ya san bayanka fiye da fuskarka. Ƙwarangwal ɗin robar da ke makarantarmu ya kakkarye tun kafin mu zo, sai ka riƙa tuɓe riga a gaban aji, ka miƙa mana biro. Ramamme ne kai, haƙarƙarinka duk a waje. A jikinka muka ƙirga su, goma sha biyu dama, goma sha biyu hagu, kowanne manne da gaɓarsa a ƙashin baya. Ka ja numfashi, ka ce mu taɓa mu ji naman tsakaninsu yana ɗaga ƙirji. Matarka, Inna Azeta, ta sha ƙorafin tawada a singiletinka.

Kai Bamoshe, ni Basamo, akwai wasa tsakanin kakanninmu, ba ka taɓa raga mini ba. "Kai Pare, bawana, haƙarƙari nake cewa, ba tsiren kasuwa ba!" Amma lokacin da ba ni da na abinci, a kwanonka na ci wake da shinkafa, ba ka bari kowa ya sani ba.

Abu ɗaya ka hana mu mantawa: jijiyar jini tana bin ƙarƙashin kowane haƙarƙari. Mai soka allura ya bi ta saman ƙashi, in ya kuskure ya kashe mutum.

A watan jiya aka kawo ka asibitinmu, ruwa ya cika maka ƙirji, ko kalmar shahada ba ka iya haɗawa. 'Yarka Balkisa tana hanya daga Abijan, kana so ka yi mata wasiyya da bakinka. Likita ya yi tafiya, saura ni. Wallahi tsoro ya kama ni. Na ƙirga, na yi alama da biro a bayanka.

Da ƙyar ka ce, "Bawana, ta ina?"

Na ce, "Ta saman ƙashi, Malam."

"To me kake jira? Bayan nan ai ka san shi."

Na soka. Ruwa ya fito, ƙirjinka ya ɗaga. Washegari ka zauna da Balkisa, kuka yi magana har la'asar. Sau biyu na sake zuƙe ruwan, kullum sai na sabunta alamar, har ciwon ya fi ƙarfinmu.

Ina cikin waɗanda suka yi maka wanka. Da muka juya ka, sai ga ɗigon shuɗin biron nan bai gama gogewa ba. Liman ya tambaya ko mene ne. Ni na cuɗa shi da hannuna har ya fita.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yalwata maka kabari kamar yadda ka yalwata wa mutane numfashi. Inna Azeta, Balkisa da dangi duka, Allah ya ba mu haƙuri. Amin.