Tumatirin da Ya Ƙi Jin Wuta

Har yau in aka ambaci Tanderu a layin nan, kafin a tuna shekarun da ya yi yana gasa wa gari burodi, abin da ake fara tunawa shi ne ranar da maƙwabta suka yi masa wanka da bokiti a tsakiyar shukar tumatir.

Da rana tsaka ne, irin ranar da ƙadangare ma yake neman inuwa. Tela, wanda shagonsa ke jikin ƙofar gidan su Tanderu, ya ɗago kai daga kan keke ya ga hayaƙi yana tasowa ta bayan katanga. Bai tsaya tambaya ba, ya suri bokitin da yake jiƙa yadi ya ƙwala kira, matan gida suka fito da nasu. Suna zagayawa suka tarar da wata rumfar leda, hayaƙi na fita ta kowace kafa, suka sheƙa mata ruwa har ta rufta. Daga ƙarƙashinta sai ga dattijo ya rarrafo jiƙe sharkaf, mafici a hannun hagu, na dama kuwa ya dafa kaskon gawayi garin faɗuwa, ya ƙone. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Kun ɓata min zafin."

Wanda bai san shi ba zai ɗauka tsufa ne ya taɓa shi. Ba tsufa ba ne, sana'a ce.

Tun yana saurayi ya shiga gidan burodi. Ya fara da shafa wa gwangwani mai, ya koma wajen kwaɓi, daga baya aka bar masa bakin wuta, inda ya samo laƙabin da ya cinye sunansa na gaskiya. Ba ya duba agogo. Bayan hannunsa yake kaiwa ƙofar tanderu, ya ce a sa ko a dakata, kuma a kan maganarsa ake tsayawa. Gashin girarsa ya daɗe da haƙura da fitowa. Da gwiwa ta fara ba shi wahala, aka kuma kawo injin lantarki mai maɓallai, sai aka sallame shi da godiya mai yawa. Ya dawo gida ya tarar ba shi da abin yi sai ya riga kowa tashi ya zauna a bakin gado yana kallon bango. Matarsa ta ce sai a lokacin ta san ta auri mai bincike: me ya sa cokali yake nan, wa ya bar murfin tukunya a can.

Gidan haya suke zaune, na wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo. Tsakanin katanga da ɗakin girki akwai wani lungu da ake jibge karyayyun kujeru da tsofaffin gwangwanaye. Shi Tanderu ya roƙa. Ya kwashe tarkacen da hannunsa, ya tsince kwalabe, ya kafce ƙasar, ya matse wani ruɓaɓɓen tumatir ya shanya 'ya'yan a kan murfin kwano, ya shuka. Suka fito. Ya kafa musu sanduna, ya ɗaure su da ƙyallen da ya roƙo wurin Tela. Suka yi fure, furen ya zube, ƙananan 'ya'ya suka bayyana, suka girma suka cika hannu. Bincike ya ƙare a ɗaki, matarsa ta samu lafiya.

Daga nan sai tumatirin ya tsaya. Kore shar, ƙato, mai sheƙi, da tauri kamar dutsen wasa. Mako ya bi mako yana nan yadda yake.

Ana cikin haka ɗan Gwaggo, wanda ake ce wa Injiniya, ya dawo gari da zama, da mota. Motar ba ta da wurin kwana. Ya zagaya gidan da awo a hannu, ya tsaya a lungun ya ce nan ne daidai: a fasa katangar a sa ƙofa, a zuba siminti. Har ya riga ya yi magana da birkila, ƙarshen wata za a fara.

Tanderu ya je ya durƙusa gaban Gwaggo, duk da gwiwar.

"Gwaggo, shukar nan ta kusa."

"Tun yaushe kake cewa ta kusa, Mai Burodi? Ni ganye kawai nake gani."

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Injiniya, kuma da ladabi ya faɗa. "Tumatir cike yake da kasuwa. Wurin mota kuwa ba a sayar da shi a kwano."

Gwaggo ta juya sandarta. Ta ce, "To ga hukunci. In na ci nunannen tumatir daga lungun nan kafin birkila ya kwaɓa siminti, lungu ya zama na shuka, mota ta nemi wani wuri. In ban ci ba, ka kwashe sandunanka, kada kuma in ji kuka."

Injiniya ya leƙa ta taga ya ga korayen nan, ya ce ya yarda.

A nan sana'a ta shigo. Duk rayuwarsa Tanderu abu ɗaya ya sani: in kwaɓi ya ƙi tashi, sanyi ya ji. A rufe shi, a matsar da shi kusa da ɗumi, a ƙara masa abin da yake so. Don haka ya ninka ruwa, safe da rana da yamma. Ya samo kashin kaji buhu guda ya zube a gindinsu, har matan gida suka daina shanya ta wannan ɓangaren. Ganye ya yi ta haukan fitowa, ya rufe 'ya'yan ruf. Da ya ga ba su sauya ba, ya haɗa ledojin da ake rufe kwaɓi da su ya yi musu rumfa, ya danne gefe da duwatsu. In ya shiga ciki gumi na tsiyaya ta haɓarsa, sai ya ji hankalinsa ya kwanta, ya ce yanzu ne ake aiki.

"Malam, anya ba ka takura musu ba?" in ji matarsa. "Ni ko mutum ne aka tsare da ido haka, ba zai iya yin ja ba."

"Ke kin taɓa gasa wani abu da ya fi gyaɗa?"

Ta bar shi. Wata ya raba, tumatir bai ko yi alamar kunya ba. Kullum sai ya ɗaga ganye ya juya kowanne ya duba ƙasansa, ya matsa da babban yatsa, ya mayar. Abinci ya daina shiga masa. In ya wuce ta gaban shagon Tela ya ga bencin nan da tsofaffin layi ke zama tun safe suna ƙirga motoci da ido, sai ya kau da kai, don ya san akwai gurbi ɗaya a ƙarshen bencin, kuma daidai shi ne. Ranar da babbar mota ta juye yashi a ƙofar gida, washegari ya ɗauki kasko ya shiga rumfa.

Bayan wankan bokiti, aka naɗe masa hannu a asibiti aka ce kada ya taɓa ƙasa ko ruwa. Gwaggo ta aiko cewa in ta ƙara jin warin gawayi a lungun, ba za ta jira birkila ba. Matarsa ta tattara ledojin ta cusa a inda bai sani ba, ta ajiye masa kujera a bakin taga.

"Daga nan za ka yi noman."

"Ki ba su ruwa sau uku."

"Zan ba su."

Sau ɗaya take ba su, shi ma in ta tuna, shi ma ɗan abin da ya rage a bokiti. Ganyen da ke kama mata zani in za ta wuce ɗakin girki kuwa, ta sa wuƙa ta rage su ba tare da shawara ba. Tanderu yana gani ta taga, shukarsa ta yi laushi, ta zama tsirara, 'ya'yan a fili iska na kaɗa su. Ya ce ta kashe su. Ta ce to ya kai ƙara.

An kawo tsakuwa. An kawo buhunan siminti an jera a zaure, duk mai fita sai ya raɓa su. Birkila ya zo ya ja layi da alli a jikin katanga, inda za a fasa, ya ce jibi.

A safiyar da ta biyo baya matarsa ta shigo tana goge hannu ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Akwai wani can ƙasa da ya fara sauya fuska."

Bai tsaya neman takalmi ba. Guda biyu ne. Ɗaya ya yi ja har kusan rabi, ɗayan kuwa ɗan jirwaye ne kawai a gindinsa, kamar an shafa masa da yatsa. Tanderu ya tsuguna a gabansu ya kasa taɓawa. Wuni guda ya yi yana lissafin yadda mai jan zai kai gobe. Da yamma ya shiga ɗaki a sauya masa ɗaurin hannu, ya fito ya tarar tsuntsu ya riga shi. Ya huda jan gefen ya cinye, ya bar masa fatar tana lilo.

A haka Tela ya same shi, zaune a ƙasa.

"Dattijo, tashi. Ni na jiƙa ka, ni zan fid da kai." Ya ciro wani jan tumatir na kasuwa daga aljihu, ya rage murya. "Ina da koren zare siriri. Ɗinki biyu a jikin reshe, ko mai shukar ba zai gane ba. Idon Gwaggo kuma ka san yadda yake."

Tanderu ya karɓi tumatirin ya juya shi. Ja zir, sumul, ba tabo. Ya daɗe yana kallonsa, ya kalli layin allin da ke katanga, har Tela ya fara zare allura daga wuyan rigarsa. Sai ya miƙa masa abinsa.

"Ban taɓa sa burodin jiya a cikin na yau ba."

"Wannan ai ba burodi ba ne."

"Tafi da shi kafin in canza ra'ayi."

Ya samo tsohon kwando ya kife a kan ɗayan da ya rage, ya ɗora dutse.

Da safe birkila ya iso da baro da shebur. Ya tara yashi, ya farke buhu ɗaya ya zazzage a kai, ya buɗe rami a tsakiya, ya ɗauki bokitin ruwa. Injiniya ya ce ya dakata a kira Mama, don kada a ce an yi zalunci. Gwaggo ta fito tana dogara sanda, matan gida a bayanta, Tela ya bar keke ya zo ya tsaya a bakin zaure.

Tanderu ya ɗage kwandon. Jirwayen ya ɗan faɗaɗa, ya hau zuwa ciki, amma kafaɗun tumatirin kore ne, kuma kowa ya gani. Ya tsinke shi da hannun hagu, ya goge a rigarsa ya miƙa.

"Gwaggo, iyakar abin da ke akwai ke nan. Bai gama ba."

"Na tambaye ka?"

Ta kai shi dab da ido ta juya, ta shinshina, ta nemi gefen da take da sauran haƙora ta gatsa. Har bakin zaure an ji ƙarar. Ta fara taunawa. Idonta ɗaya ya rufe da kansa, jijiyar wuyanta ta miƙe, ta ci gaba da taunawa a hankali kamar mai aikin da aka ɗora mata. Birkila na tsaye da bokiti a hannu bai sauke ba. Ta haɗiye, ta tsaya ta huta.

"Ya nuna," in ji ta.

"Mama, kore ne fa. Kowa na gani."

"Da bakinka aka ci ko da nawa?"

Injiniya ya dubi matan gida, ya dubi dattijon da ke tsaye ba takalmi da naɗaɗɗen hannu. Ya sosa ƙeya ya ce wa birkila to a gyara dakalin ƙofar gida da simintin, tunda an riga an farke buhu. Motar har yau a harabar wani abokinsa take kwana.

Da mutane suka watse, Gwaggo ta yafito Tanderu da sanda.

"Mai Burodi, matso. Tun da nake ban taɓa sa abu mai tsami irin wannan a baki ba. In ka ƙara kawo min irinsa, da kaina zan kwaɓa simintin."

Ba a daɗe ba sauran suka yi ja gaba ɗaya, kamar sun haɗa baki, har aka rasa kwanon zubawa, kowane ɗaki a gidan ya samu. Matarsa kuwa ta riƙa ajiye masa mafi ja a gabansa tana tafiya tana waƙa ƙasa-ƙasa. Ledojin ba su sake fitowa ba. Yanzu ya yi shuka ta uku a lungun, ya ƙara da barkono, kuma bai zauna a bencin nan ba ko sau ɗaya. In zai wuce ne dai ba ya tsira daga tsokana.

"Tanderu, an ce sababbin sun yi 'ya'ya," in ji Tela kwanan baya, tsofaffin benci na gyara zama. "In aiko da gawayi, ko akwai saura?"

Tanderu ya tsaya, ya sauya wa bokitinsa hannu.

"Ku yi ta dariya. Ni har gobe ban yarda wutar ce ba ta yi ba. Ku ne ba ku bari ta kama ba."