Rabin Cokalin Kunu a Birnin Kebbi

Ana idar da sallar asuba muka bar Argungu, ni da kakata, za mu Birnin Kebbi duba ƙanena. Tun da aka yanke masa sashen hanjin da ya lalace, ta jijiya ake ba shi abinci. An ce ba zai dawo gida ba sai ragowar hanjin ya koyi aiki, shi kuwa ya ƙi karɓar komai ta baki.

Kuɗin mota ya ƙaru, kakata ta yi ta ciniki da direba kamar mai sayen albasa. Fadamar shinkafa ta yi kore shar, balbelu suna bin masu noma. Buhun busasshen kifi aka ɗora kusa da ƙafata, har hijabina ya ɗauki ƙamshin.

A asibiti na sami ƙanena ya rame, farin ruwa kamar madara yana ɗiga daga leda zuwa siririn bututu a wuyansa. Inna, mahaifiyarmu da ke jinyarsa, ta raɗa mana cewa a waje take cin abinci, don kada ya gani ransa ya biya.

Likitar da ke duba shi ta ji. Ta ce za a ci gaba da na jijiya, ana ƙara na baki kaɗan-kaɗan. In hakan ya gagara, sai a duba wani aikin. Sannan ta ce, "Kun ɓoye mishi ci, ya mance. Da wa ya fi yin koyi a gida?"

Inna ta nuna ni. Ni da ko a makaranta sai na juya baya nake cin abinci.

Aka miƙo mini kofin kunu a tsakiyar ɗakin, masu jinya duk suna kallo. Na fara sha. Wata tsohuwa a gadon gefe ta ce, "Ɗiyata, kunu kike sha ko maɗaci?" Aka yi dariya, na ci gaba.

Can ƙanena ya ce, "Yaya, ke kaɗai?"

Rabin cokali ya lasa. Ya yamutsa fuska ya ce babu sukari. Inna ta juya wajen bango tana gyara ɗankwalinta.

Da la'asar muka iso gida, kakata tana gaya wa maƙwabta wai shan kunu ya kai ni Birnin Kebbi. Ni dai na gane cewa kwanon da muke ɓoye masa don tausayi yana cikin abin da ya tsare shi a gadon nan.