Baba Mai Lauje da Mangwarorin Bayan Jami'a

Kafin motar ma'aikata ta shigo ƙofar jami'a, Baba Mai Lauje ya riga ya jingine kekensa a bayan ɗakin ajiyar kaya, ya wasa laujensa a kan dutsen da ya lotse don yawan wasawa, ya cika jarkoki biyu a famfo ya ɗora a baro. Aikin da aka ɗauke shi shi ne yankan ciyawa a gaban ofisoshi, inda idon manya yake. Da ya gama wannan sai ya tura baronsa inda ba wanda ya aike shi, wato makeken filin nan na bayan ɗakunan karatu, wanda jami'a ta mallaka ta kuma manta da shi.

Mu da muka daɗe a nan mun gaji da labarin filin. Kowane sabon shugaba sai ya zo da 'yan rakiya, a kafa allo mai hoton benayen ɗalibai, a tafa, a watse. Allon ya yi tsatsa, ciyawa ta haɗiye shi, na gaba ya zo da nasa. Ɗakunan kwana kuwa ba su ɗauki ko rabin ɗalibai ba. Sauran haya suke yi a unguwannin bayan katanga, kuma ta cikin ciyawar nan suke ratsowa kullum, don zagayawa ta babbar ƙofa tafiya ce mai cinye lacca guda.

Baba ne ya mai da sawun ƙafarsu hanya. Ya sare ciyawar gefe da gefe saboda macizai, ya zuba ɓaraguzan bulo inda ruwa ke kwanciya. Yana kuma da wata ɗabi'a da aka daɗe ana yi masa dariya a kanta. Duk ƙwallon mangwaron da ɗalibi ya tsotse ya yar a hanya, sai ya tsince ya binne a gwangwanin madara. In ya yi ganye ya dasa a bakin hanyar, ya kewaye da ƙaya saboda awaki.

"Baba, yanzu kuma bola kake tarawa?" masu gadi kan tsokane shi.

"Bolar 'yan boko ce," yakan ce, "ta fi taku albarka."

Sama da shekara talatin ana haka. Inuwa ta haɗe tun daga katanga har ɗakin karatu, masu dariyar ma a nan suke shimfiɗa tabarma da rana.

Kai ne, Baba, wanda ma'aikatan asibitin jami'a suka shaida ka turo wata ɗaliba a baro ranar da maciji ya sare ta, kana haki, takalminka ɗaya ya tsinke a hanya. Kai ne masu shara suka sha gani kana miƙa wa yara leda su rufe littattafansu in hadari ya taso. Ba a taɓa kiran sunanka a taron yaye ɗalibai ba, ba ka kuma taɓa tambayar dalili ba.

Akwai abin da ba ya faɗa, sai daga bakin mai ɗakinsa muka ji. Autarsu ta samu gurbin karatu a jami'ar nan, amma ba ta samu gado ba. Gidansu da nisa, haya kuma ta fi ƙarfinsu. Ta yi zango guda tana jigila a mota, ta kwanta ciwo, jarrabawa ta wuce ta, ta haƙura. Ɗinki take yi yanzu, kuma Baba bai fasa sharar hanyar 'ya'yan wasu ba.

Bana sai ga abin ya zo da gaske. Ba allo ba, katafila ce da tirelolin siminti. Aka bi mangwarorin Baba ɗaya bayan ɗaya aka shafa musu jan fenti, domin layin ɗakunan a kansu ya faɗa. Ɗalibai suka tashi, har da kwalaye, wai kada a taɓa itatuwan Baba. Ɗan kwangila ya ce shi ba ya aiki cikin rigima, zai kwashe injinansa ya yi gaba har kwamiti ya sake zama. Duk wanda ya san zaman kwamiti a nan ya san an koma gidan jiya ke nan.

Ɗaliban suka iske Baba zaune a kan baronsa yana matsa gwiwa. Wata ɗaliba, ita ce bakinsu, ta durƙusa.

"Baba, kai kaɗai muke jira. In ka tsaya a gaba, wallahi ba mai taɓa ko reshe."

Ya daɗe yana kallon jan fentin. "'Yata, a ina kike kwana?"

"A bayan katanga, Baba. Ɗakin mutum biyu ne, mun cushe mu bakwai."

"A kan me?"

"Tabarma, a bakin ƙofa."

"To in an kori magina, gindin mangwaro za ki dawo da tabarmar?" Ya ci gaba da matsa gwiwarsa. "Ni dai na gaji. Na gaji da ganin 'ya'yan mutane suna ratsa ciyawa jiƙe sharkaf. Itatuwan nan ku kuka yar, ni tsinta na yi. Ku ajiye kwalayen nan, a sare."

Lokacin 'ya'ya ne, sai ya sa su hawa su tsinke tas su sha. "Amma wannan karon kada ku yar da ƙwallon, ku miƙo mini."

Alfarma ɗaya ya nema, a bar shi ya fara sara da hannunsa. Ya nufi babban na jikin katanga, wanda ya fara dasawa, ya ɗaga gatari. Bai kai ko'ina ba hannu ya ƙi, mai injin yanka ya karɓa. Baba bai tsaya ganin faɗuwarsa ba, ya shige bayan ɗakin ajiya, sai la'asar ya fito. Mai ɗakinsa ta ce ranar ko ruwa da ƙyar ya sha. Mu ma da muka gani, zuciyarmu ta karye.

Ƙarshen watan nan yake ritaya. Ginin ya kai taga, shugaban magina ya yi alkawarin barin gurbin dashe a gaban kowane bene, amma ya ce sai an gama aiki, wataƙila baɗi.

"Baɗi ba na nan," in ji Baba. "Ko ina nan ma, gwiwoyin nan sun daina ɗaukar jarka."

Baba Mai Lauje, mai inuwar da bai hana kowa ba, mun gode. Mun gode da hanyar, mun fi gode maka da ranar da ka yarda a shafe ta. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya huce wa Auta takaicinta. Ku kuma da za ku kwana a kan gado a inda mangwarorinsa suka tsaya, da mu da muka sha inuwar muka yi shiru, ba sai an kafa kwamiti ba. Gwangwanayen da ya binne ƙwallayen da aka miƙa masa suna nan jere a bayan ɗakin ajiya, har sun fara fid da ganye, famfo kuma yana kusa. Baba ya ce kekensa kawai zai tafi da shi, jarkokin ya bar mana.