Raihana, Wadda Ta Mayar da 'Ya'yan Fari Gida

Da hantsi, kafin motocin Sinnar su gama cika, za ka hango Ustaza Raihana ta nufo ɗakin karatun ƙauyenmu, makulli ɗaure a bakin mayafinta, damin ganyen dogon yaro a hammata. Ɗakin karatun, wanda kowa ke kira maktaba, ɗaki biyu ne kacal a jikin kulob ɗin matasa, tafiyar da ba ta da nisa daga Mai Wurno. Tana buɗe tagogi sai shara, sannan ta durƙusa ta bi ƙafafun kabad ɗaya bayan ɗaya ko gara ta yi hanya. Ta kwashe busasshen ganye daga tsakanin takardu, ta sa ɗanye. Sai ta gama wannan take ɗora jabana, gahawarmu ta nan, a garwashi, kuma ko kai wane ne ba ka isa ka kusanci takarda da kofi a hannu ba. Ni kaina ta kore ni waje ya fi sau goma, ni da na girme ta. Shekara talatin da huɗu ke nan tana haka, bana ta ajiye aiki.

Abin da take wa wannan gadi shi ne Tsatso, mujallar ƙungiyarmu ta tarihi da zuriya. Mu muka kafa ta a 1983, muna samari 'yan makaranta, mun dawo daga Wad Madani kanmu na hayaƙi. Muna bin gida gida muna tambayar tsofaffi yadda kakanni suka baro Sakkwato da niyyar Makka suka yada zango a bakin kogin nan, wa ya haifi wa, wa ya auri wa, mu buga a injin kwafi mai murɗawa da hannu. Fitowa sittin da ɗaya muka yi kafin injin ya mutu, mu ma muka watse neman abinci. Da Raihana ta kama aiki, a buhu ta same su, wasu an naɗe ƙosai da su. Ta bi gidaje ta roƙo waɗanda suka ɓace, ta ɗinke su da zaren auduga suka zama kundi tara. Har littattafan da muke rubutun farko a ciki, masu cike da goge-goge, ba ta zubar ba. Da yaƙi ya matso kowa ya gudu da abin da ya fi so, ita kundayen nan ta naɗe a leda ta zuba a randa, ta binne a bayan ɗakin girkinta. Da aka dawo ta tono su, ko shafi ɗaya bai jiƙe ba.

Amma ba don randa na ɗauki alƙalami ba. Don Salih ne, kuma don wani laifi nawa.

Shekara goma sha biyu da suka wuce wani dattijo ya sauko daga motar garin Hajj Abdalla da ke yankin Jazira, shi manomin auduga ne, hannunsa duk kanta. Sunansa Salih. Ubansa, Abdulwahab, ya rasu Salih na da shekara biyar, kuma abin da ya bar masa magana ɗaya ce: cewa shi ɗan Hajja Dije ne ta ƙauyenmu, goggonsa Maryamu ce ta ɗauke shi tun daga yaye ta tafi da shi Jazira. Salih ya tsufa, 'ya'yansa sun fi jin Larabci, suna tambayarsa su 'yan ina ne. Sai ya zo neman gidan ubansa.

Hajja Dije ta daɗe da rasuwa, 'ya'yanta maza ma haka. Mai gidan yanzu jikanta ne, Alamin, mutumin kirki ƙwarai, sai dai ya yarda da Tsatso kamar me. Ya ɗauko kwafinsa ya buɗe shafin gidansu. 'Ya'yan Dije shida, babu Abdulwahab.

"Ma'alesh, yi haƙuri ya Hajj," in ji Alamin. "Ga takarda. Wataƙila wata Dijen ce."

Bai kore shi ba, a'a. An shimfiɗa masa tabarma a zauren baƙi, an kawo kisra, wainar dawa mai faɗi, da miya, an raka shi mota. Salla uku a jere Salih na zuwa da ledar dabino, Salla uku yana ci a zauren baƙi yana jin dariyar 'yan gida ta bayan katanga. Wanda bai taɓa zama baƙo a gidan ubansa ba ba zai gane zafin wannan ba.

A zuwa na uku ya shiga maktaba. Raihana ta ce ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Ya Ustaza, an ce duk wanda ke garin ga yana cikin takardunki. Ki duba mini da kyau. In babu, in daina damun mutane."

Ta buɗe kundi na biyu, ta ga shida. Ta ce ya zauna. Ta jawo akwatin tsofaffin littattafan rubutun farko, ta yi ta juyawa har ta kai ranar da aka je wurin Hajja Dije. A gefen shafin, da fensir, an rubuta: "Ta ce ta haifi bakwai, ta lissafa shida. Tsufa ne."

Jama'a, rubutun nan nawa ne. Ni Mujtaba, da hannuna na dama.

Washegari Raihana ta aiko a kira ni. Ta ajiye littafin a gabana, ta ɗora yatsa a kan layin.

"Ustaz Mujtaba, kai ɗa na nawa ne wurin innarka?"

"Na uku."

"Shi ya sa. Ka taɓa jin ta kira sunan babban yayanku?"

Wallahi ban taɓa ji ba. Inna takan ce "wancan", ko ta aiki ɗayanmu ya kira shi. Kowa a nan ya san mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, kunya ce da muka taso da ita tun daga ƙasar kakanni. Mu ma mun sani. Amma mu 'yan boko muka ɗauka tsohuwa na ganin takarda da alƙalami za ta ajiye kunyarta a bakin ƙofa. Ina! Duk gidan da muka tambayi uwa, daga ɗa na biyu ta fara, mu kuma muna ta rubutu muna jin mu masana ne. 'Ya'yan fari da ke raye a lokacin dariya suka yi, don kowa ya san su, ba sa buƙatar takarda. Waɗanda suka mutu da waɗanda aka kai riƙo nesa, su muka binne karo na biyu. Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har jabanar da ta miƙo mini na kasa sha.

Ke kuwa, Raihana, ba ki tsaya yi mini gori ba. Cewa kika yi fensir ba hujja ba ne, sai an sami mai rai. Kika tuna Hajja Dije na da auta, Habiba, da aka aurar a Sinja, wadda duk cikin mazan nan ba wanda ya yi tunanin tambaya. Kika rufe maktaba, abin da ba ki taɓa yi ranar aiki ba, kika hau mota.

Alamin ya bi ta, don ya ce sai ya ji da kunnensa, shi ya ba ni labarin. Sun tarar da tsohuwar tana tsince wake. Raihana ba ta ambaci Salih ba, ba ta ambaci kowa ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Hajja, ku nawa ne wurin Inna?"

"Mu bakwai muke," in ji Habiba. "Akwai babbanmu da ban taɓa gani ba. Goggo Maryamu ta tai da shi Jazira. Inna ba ta faɗin sunanai, sai dai ta ce na Jazira. Duk kakar auduga sai ta daka yaji ta ƙulle, ta ba masu zuwa tsinka, ta ce in kun gan shi. Baba ne ya faɗa muna sunan, Abdulwahab. Mi ya faru? An gan shi?"

Alamin ya ce nan take ya zauna a ƙasa. Da ya dawo ko gida bai shiga ba, ya wuce Hajj Abdalla, ya tarar da Salih a gona yana gyara bakin ruwa. Ya tsaya a kan kunyar gonar ya ce, "Yaya, na zo ɗaukarka." A Sallar da ta biyo ina wurin. Salih ya nufi zauren baƙi don sabo, Alamin ya kamo hannunsa ya ja shi cikin gida. Hajja Habiba ta shafa fuskarsa ta ce hancin Inna ne, ba tambaya. Dattijo ɗan kusan sittin ya yi kuka kamar yaro, mu ma muka taya shi.

Wani da ya yi wannan sai ya huta. Raihana ta koma kundi na ɗaya, shafi na ɗaya. Shekara takwas tana bin gidaje, ba ta tambayar uwa, sai goggo, sai maƙwabciya, sai ungozomar da ta yanke cibiya. Duk sunan da mutum biyu suka tabbatar, ta rubuta a 'yar takarda ta ɗinke a jikin shafin, ba ta goge kuskurenmu ba, ta ce a bar shi na baya su gani. Mutum ɗari da goma sha huɗu ta mayar gidajensu. Ke ce kika san cewa shirun tsohuwa ma magana ce. Maganin gara, maganin mantuwa, sannu da aiki.

Ranar walimar ajiye aikinta an cika kulob, an yanka rago, mata na ta guɗa. Salih ya zo da jikokinsa, yanzu ɗan gida ne, har faɗa yake wa Alamin. Ana cikin jawabai ya ɗaga hannu.

"Ni dai a nuna mini shafin Ustaza. Ina son in ga gidan da ya haifi wagga mata."

Raihana ta ce a bari, abinci na hucewa. Na ƙi. Na buɗe kundi na huɗu, na sami gidansu, na karanta 'ya'ya huɗu. Babu Raihana, babu 'yar takarda a ɗinke. Ashe ita ma 'yar fari ce. Tun ranar da ta fara aiki ta nemi sunanta ta rasa, ta yi shiru, ta gyara na kowa ta bar nata, wai mutum ba ya zama shaidar kansa.

Innarta na zaune a gaba, ta haura tamanin. Na ɗauki alƙalami na durƙusa a gabanta, gwiwoyina na ƙara.

"Inna, 'ya'yanki nawa?"

"Biyar."

"Faɗa mana su."

Ta lissafa huɗu tiryan-tiryan, ta tsaya. Ta ja mayafi ta rufe baki, idonta ya ciko. Sannan ta nuna da haɓa.

"Sai waccan, mai makulli."

Wuri ya kaure da dariya da guɗa. Salih ya ce shi shaida ne, Alamin ya ce shi ne na biyu. Raihana ta sunkuyar da kai tana share ido tana cewa mun ɓata mata tsari. Ni na rubuta sunan, ita ta ɗinke, don har yanzu ba ta yarda da ɗinkin kowa ba.

Mun gode, Raihana. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa yadda kika tara mutane da danginsu a tara ki da naki a Aljanna. Ku kuma matasa masu yawo da waya kuna ɗaukar muryar habbobinku, kakanninku mata, madalla, ku ci gaba, tsofaffin ba jiranku za su yi ba. Amma ku yi irin na Raihana, kada ku yi irin nawa. In tsohuwa ta ce bakwai ta lissafa shida, kada ku rufe littafin. Akwai wani a zauren baƙi yana jira.